Rijiyar Wasa a Bakin Burtali

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Haka al'adarmu take, mu Fulanin daji: uba yana jin kunyar ɗansa na fari, ba ya ambatonsa, ba ya yabonsa, ba ya nuna shi a gaban mutane ya ce nawa ne. In yana son in miƙo masa buta sai ya ce "kai", idonsa yana wani wuri. In baƙo ya tambaye shi ɗan wane ne ni, sai ya ce, "Na gidan nan ne." Na san babu ƙiyayya a ciki, kowa ma ya sani. Amma ni da aka ɗauke daga bayan shanu ina shekara bakwai aka kawo lakwal, wato makarantar boko, a Gure, na girma ban san inda nake a zuciyarsa ba. Ƙannena sun tashi a gabansa a dajin Alakos, daga yadda ya riƙe sanda suna gane ko ransa a ɓace yake ko a sake. Ni sai dai in yi ta zato, kuma zatona bai taɓa zaɓar mai daɗi ba.

Na zama mushe, wato malamin makaranta, ina koyar da labarin ƙasa a kolej. Allah ya ba ni hannun zane, ni ke yin taswira a bangon aji, in shago yana son allo ni ake nema. Ta nan ne wani Alhaji ɗan garinmu, mai manyan motocin dakon kaya, ya aiko a kira ni. Ya kai iyalinsa wata ƙasar Larabawa, 'ya'yansa sun shiga wani katafaren wurin wasa a can, tun da suka dawo kuma ba su bar shi ya huta ba.

"Mushe," ya ce mini, "yaran garin nan in salla ta zo ina suke zuwa? Bakin hanya, su kalli motocin Difa suna wucewa. Ina da fili a gabas da gari. Ka zana mini wuri irin na can, amma namu. Ban son gidan aljanu da jirgin sama. Abin da muka sani nike so."

Na amsa tun kafin ya rufe baki. Ban ɓoye ba, kaina ya fasu. Shekara da shekaru ina zana koguna a bango, yau an ba ni fili.

Wata biyu na yi ina karatu a salula, da Faransancina na lakwal, ina cika kaye, wato littafin rubutu, da zane. Abin da na fara ganewa shi ne sana'ar nan ta tsufa. Tun kafin a san lilon inji, masu dukiyar Turai sukan gina ƙauyen ƙarya a cikin lambunsu, da bukka, da tumaki wankakku, da kangon da tun ranar farko a rushe aka gina shi. Wasu har tsoho suke ɗauka aiki, ya bar gemu ya zauna a bakin kogo, don baƙi su wuce su gan shi su girgiza kai. A nan na yi dariya har matata ta leƙo daga madafa ta ce ko lafiya. Daga baya talakawa suka sami nasu a filin kasuwa, lilo da dokin katako mai juyawa. Sai Amurkawa suka haɗa biyun wuri guda, suka zagaye da katanga, suka bar ƙofa ɗaya. In ka shiga, ba a so ka sake ganin waje. Komai a ciki ana rage masa girma a ƙara masa tsabta, har mutum ya ji kamar ya san wurin tun yana yaro. Akwai kuma wata dabara da ta fi burge ni: a can ƙurya ana kafa wani abu dogo da ake hangowa tun daga ƙofa. Ba a cewa kowa zo, ƙafarsa ce za ta kai shi.

Na lura da wani abu da ba a rubuta ba. Irin wuraren nan ba abin da mutane ke da shi ake gina musu ba, abin da ya kuɓuce musu ne. Wanda ya bar ƙauye shi ke son ƙauyen siminti. Na dubi ɗalibaina, rabinsu jikokin makiyaya ne, amma ba su taɓa tatsar saniya ba. Na dubi 'ya'yana, da suke amsa wa kakansu fillanci da Hausa. Nan take na san abin da zan zana: ruga, da garke, da kwarin dabino ƙarami, da tudun yashi na zamiya. Abu dogo na ƙurya kuwa, ban ko yi shawara ba. A ƙasarmu mene ne mutum ke hangowa daga nesa ƙafarsa ta kai shi ba tare da an kira shi ba? Rijiya ce, da gwafanninta biyu a tsaye, waɗanda ake ɗora gungumen jan igiya a kansu.

Tsorona a lokacin duk yana kan shanun siminti. Na yi ta tunanin abin da malamai za su ce game da mutum-mutumi, har na daina jin daɗin abinci. Na je wurin limamin unguwa da kaye a hannu. Ya duba, ya ce kayan wasan yara ne, amma a bar su ba idanu, a huta da magana. Muka bar su ba idanu. Na fito ina ganin na tsallake babban ramin da ke cikin aikin.

Maginin da ya yi mana aikin wani dattijo ne Bamange, mai ƙarancin magana. Ya gina bakin rijiyar da kyau a kan tudu, zurfinta bai kai ƙugu ba don kada yaro ya faɗa, na sa aka shafa wa gindinta shuɗin fenti. Gwafannin rijiyar gaskiya ba su cika wuce tsayin mutum ba. Ni na sa aka nemo busassun goriba biyu daga kwari, masu reshe biyu a sama, kowace ta yi tsayin mutum uku. Ranar da za a kafa su, dattijon ya tsaya ya dubi bayan katanga. Can burtali yake, hanyar da shanu ke bi in sun fito daga gabas.

"Mushe, a bakin burtali za ka tsai da su?"

"Nan ne ƙurya," na ce. "Daga ƙofa ake so a hango su."

"Daga ƙofa kaɗai?"

Na yi masa bayanin Amurka. Wallahi na yi masa, da hannu da komai. Ya saurare ni har na gama, ya ce to, ya kira mutanensa suka ja igiya. Ni ɗan makiyayi ne, shi bai taɓa kiwon ko akuya ba, amma shi ya gani ni ban gani ba. Har yau in na tuna da bayanin nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Saura wasaki, wato babban gugan fata da ake ja da sa ko raƙumi. Na kasuwa sababbi ne, ba su da kamannin wanda ya sha aiki, ni kuma tsoho nake so. A hutun ƙarshen mako na hau mota zuwa Alakos. Mahaifina yana da wani wasaki da ya daina amfani da shi tun da garkensa ya ragu, yana rataye a jikin bukka, fatar ta yi baƙi da tsufa. Na roƙi aronsa, na haɗa da igiyarsa.

"Rijiyar wa?" ya tambaya, yana kallon ƙasa.

"Aikin lakwal ne, Baba. Za a nuna wa yara."

Ya sauko da shi da kansa, ya kakkaɓe, ya ce a riƙa shafa masa mai kada ya tsage. Ban yi masa ƙarya sosai ba, ban kuma faɗa masa gaskiya ba. Tun a mota na fara jin nauyin abin. Ta yaya zan ce masa na ɗauki rayuwarsa, wadda ta cinye ƙafarsa da idonsa, na rage mata girma na wanke ta don yaran gari su hau su sauka? Na ce wa kaina sai an buɗe, in ya ga mutane sun taru suna yabo, zai gane da kansa.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Tafkuna sun ƙafe tuni, kuma a shekarar makiyaya baƙi sun yi yawa, mutanen gabas da rashin kwanciyar hankali ya koro, ba su san ƙasarmu ba. Saura mako uku a buɗe wurin, mai gadi ya zo ya same ni a kolej lokacin hutun safe. Ya ce jiya wata mata ta zo da jakuna da awaki, ta yi ta buga ƙofa a bar ta ta sha. Ya buɗe mata ta leƙa da idonta, don ta ƙi yarda da maganarsa. Ta dubi shuɗin fentin, ta dube shi, ta kora awakinta.

Da na tashi daga aiki na zagaya bayan katanga. Sawun dabbobi ne ko'ina. Sun baro burtali, sun taho gindin katanga daidai saitin gwafannin, sun yi ta zagaye, sun koma. Ba na garke ɗaya ba ne. Na hau tudun yashin da ke gabas na juyo, sai na ga abin da dattijon nan ya gani. Daga can ba a ganin lilo, ba a ganin shanun siminti, katanga ta ɓoye su duka kamar yadda na tsara. Gwafanni biyu kawai ake gani da wasaki yana reto. Rijiyar gaskiya tana cikin kwari ta kudu, kuma mararrabarta tana baya da nisa. Duk wanda ya biyo gwafannina ya bar hanyar ruwa, sai ya koma da baya da dabbobi masu ƙishirwa cikin rana. Na zauna a kan yashin mai zafi ban ma ji zafinsa ba.

Da ina da hankali da washegari na sa an sauke su. Na je wurin Alhaji, amma yadda na faɗi maganar ma na san a raunane na faɗe ta. Ya ce hoton gwafannin ne a jikin takardar gayyata, an riga an raba har Damagaram, in bari a buɗe, bayan nan in yi yadda nake so. Gaskiya na ji daɗin amsar, don ta ba ni inda zan ɓuya. Gwafannin nan su ne abin da na fi so a duk aikin. Sai na yi abin da mushe zai yi: na ɗauki allo na rubuta babu ruwa da Faransanci da Hausa, da manyan baƙaƙe masu kyau, na kafa a bakin burtali, don mutanen da ba su taɓa zama a aji ba.

Matata ta dubi allon a hoton salula, ta dube ni.

"Shanun ne za su karanta ko masu su?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Ka je ka faɗa wa Baba da bakinka," ta ce. "Labarin rijiya ba ya kwana a hanya. In a kasuwa ya ji, ya fi muni."

Na ce zan je. Ban je ba. Kowace safiya in na ji sallama a ƙofar gida sai in ɗauka Baba ne. A aji ina zana Kogin Kwara a allo, hankalina yana bakin burtali. Na fara lissafin ranakun kasuwa, wace rana ce ta Gidigir, wa zai je daga Alakos, wa ke da surutu a cikin danginmu. Na rame har abokan aiki suna tsokanata wai ɗaukaka ce ba ta karɓe ni ba.

A kasuwar Gidigir ɗin kuwa ya ji. Saura kwana biyar a buɗe, na dawo daga kolej da azahar na tarar da takalmansa a ƙofar zaure. Ya sha ruwa, ya yi salla, ya ƙi taɓa abinci. Da na durƙusa na gaishe shi ya amsa kamar kullum, ya tambayi yara, sannan ya ɗauki sandarsa.

"Kai," ya ce, "kai ni in ga rijiyar."

Muka tafi a ƙasa, yana gaba ina baya, duk da ni na san hanya. Mai gadi ya buɗe mana. Ya wuce rugar da na gina, mai tsabta, ba hayaƙi ba ƙuda. Ya wuce shanun siminti marasa idanu, ya ɗan tsaya a kan ɗaya, ya shafa tozonta, ya ci gaba. Ban nuna masa hanya ba, gwafannin ne suka ja shi, kuma ko a cikin wannan tashin hankali wani ɓangare na zuciyata sai da ya ce, ka gani, dabarar tana aiki. Ya hau tudun a hankali, ya dafa bakin rijiyar, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa, abin da kallo ɗaya ya isa.

"Gaba nawa ce?"

Haka ake auna rijiya a wurinmu, da buɗe hannuwa biyu. Na ce, "Ba ta kai ƙugu ba, Baba. Ta wasa ce."

Ya ɗaga kai ya dubi wasakinsa can sama, inda hannu ba ya kaiwa. Rana ta busar da shi, ban shafa masa mai ba ko sau ɗaya. Na tsaya ina jiran faɗa, ina ma roƙon Allah ya yi faɗan, don in san iyakar laifina. Bai yi ba. Ya sauko daga tudun, muka koma gida, yana gaba ina baya.

Na ɗauka da asuba zai koma daji. Da na fito salla ba ya zaure, na ce shi ke nan, ya tafi da fushi. Sai da hantsi mai gadi ya kira ni a salula, ya ce wani tsoho ya shimfiɗa buzu a gindin aduwar da ke bayan katanga, kusa da allona, duk garken da ya nufo sai ya tashi ya tare shi ya nuna masa kudu. Haka ya yi ranar, haka ya yi washegari. Da safe ya ɗauki butarsa ya tafi, da magariba ya dawo ƙafafunsa fari fat da ƙura. Matata tana aika masa fura. Ni na kasa zuwa, na kuma kasa ce masa ya bari. Mutum mai shekara saba'in da ɗoriya yana gadin kuskurena a rana, ni ina aji ina koyar da inda ake samun ruwa a ƙasar Nijar. Da dare mukan ci tuwo tare. Ban san ko hukunci yake yi mini ba, ko rufa mini asiri, kuma rashin sanin ya fi komai ci mini rai.

Ranar buɗewa aka sa bayan la'asar. An kafa rumfa, an jera kujeru, an kawo tankin ruwa don baƙi. Yara sun cika wurin, suna hawa shanun siminti, suna gangarowa daga tudun yashi, suna rige-rigen zuwa rijiya. Na sa babbar rigata, ina ta karɓar hannu. A gefen ƙurya akwai wata ƙaramar ƙofa ta ƙarfe da ma'aikata ke bi, ranar an bar ta a buɗe saboda masu kawo kujeru. Ta cikinta ana ganin aduwar, da tsoho a zaune da malfa da sanda a kafaɗa. Na ga wasu baƙi sun tsaya suna ɗaga salula. Wata mata ta tura 'yarta ta tsaya kusa da shi. Bai motsa ba, idonsa yana kan burtali.

Wani baƙo daga Damagaram, mai farar shadda, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Mushe, kun yi aiki. Har da tsohon makiyayi kuka samo? Wallahi shi ya cika wurin. Ina kuka samo shi?"

Tsohon nan na bakin kogo ya faɗo mini a rai, wanda na yi wa dariya har matata ta leƙo. Kalma biyu ce a bakina, babana ne. Na yi murmushi na ce, "Na nan kusa ne." Tsakaninmu da aduwar bai fi taku goma ba, kuma kunnen mahaifina bai taɓa samun matsala ba.

Ana cikin jawabi ƙura ta taso daga gabas. Garke ne, bai kai shanu talatin ba, jajaye masu dogon ƙaho, haƙarƙarinsu a waje. Mahaifina ya tashi ya nufe su yana ɗaga sanda, amma shanun sun riga sun ga gwafanni, ko sun jiyo ƙanshin tankin, suka wuce shi ta gefe biyu suka taho gindin katanga suna kuka. Mai jawabi ya tsaya. Wata tsohuwar saniya ta zo daidai ƙaramar ƙofar, ta durƙusa da ƙafafun gaba, ta kwanta. Duk wanda ya tashi a ruga ya san abin da kwanciyar saniya ke nufi a bazara.

Mai shanun ya iso da gudu, dogon mutum, leɓunansa sun tsattsage. Da fillancin gabas yake magana, a duk taron nan ban jin mun kai mu biyar masu ji. Ya ce tun hantsi ya hango gwafanni daga kan tudu, ya bar mararraba. Ya ce wace irin ƙasa ce wannan da ake haƙa rijiya a kewaye ta da katanga a sa kiɗa.

"Ba rijiya ba ce," in ji mahaifina. "Babu ruwa a ciki. Ba a taɓa yi ba."

Mutumin ya leƙa ta ƙofar, ya ga yara a tsaye cikin rijiyar, kawunansu a waje. Ya dubi saniyarsa. Muryarsa ta sauka, hakan kuma ya fi ihun ban tsoro.

"Wane ne ya yi wannan? A nuna mini shi."

Ina tsaye a bakin ƙofar cikin babbar riga. Kusan ba wanda ya san abin da ake faɗa, da na yi shiru da ya wuce. Mahaifina bai waiwayo ba. Ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya dogara a kanta.

"Ɗana ne," ya ce. "Ɗana na fari. Laifin gidana ne, ka kama ni."

Ban san lokacin da na cire rigar ba. Na tuna ina cikin rumfa ina jan bido biyu, wato jarkoki, daga gindin tanki, baƙi suna janye ƙafafu, Alhaji yana cewa a taimaka masa mana. Ba mu da abin da za mu zuba ruwan a ciki, sai kwamin siminti da na gina a gefen rijiyar don ado, shi kuma yana cikin katanga. Aka kawo manyan robobin wanke hannu. Mahaifina ya durƙusa ya jiƙa wa saniyar baki da tafin hannunsa, kaɗan-kaɗan, yana hana ta zuƙa da yawa. Ni ina kai da kawowa har tankin ya ƙare. Ruwan bai ishi garken ba, ya dai jiƙa musu maƙogwaro. Kafin magariba saniyar ta miƙe, mu uku muka tallafe ta, ni a wutsiya. Mahaifina ya shige gaba ya raka su kwari. Mai shanun bai dube ni ba ko sau ɗaya, ni ma ban nemi ya duba ba.

Washegari da sassafe na ari gatari a wurin maƙwabci. Ban nemi izinin kowa ba, Alhaji ma daga baya bai tayar da maganar ba. Na tarar da mahaifina a gindin aduwar, ya riga ni. Na hau tsani na kwance wasakin, na miƙa masa. Ya jujjuya shi, ya sa yatsa a inda ya fara tsagewa, ya naɗe igiyar a gwiwar hannu kamar yadda ya saba. Goriba busasshiya tana da tauri, hannuna kuma na alli ne, kafin ta farko ta faɗi tafina ya yi bororo. Bai karɓi gatarin ba. Ya dai riƙe igiyar da muka ɗaura, yana ja don kada itacen ya faɗa kan katanga. Da ta biyu ta kwanta sai ya hau tudun gabas, ya tsaya, ya juyo ya duba. Ya dawo ya naɗe buzunsa.

"Kai," ya ce, "cire allon nan ma."

Na cire. Na raka shi tasha, wasakin a kafaɗata. A hanya na shirya maganganu da yawa, game da baƙon Damagaram, game da abin da na ce da abin da ban ce ba, amma ko ɗaya bai fito ba. Ya shiga mota, ya karɓi wasakin ta taga, ya ce a gai da yara.

Wurin yana nan har yanzu, yara suna zuwa ranar salla. Rijiyar ba gwafanni ta zama wani zagayen siminti kawai, sun mai da ita wurin ɓuya. Baƙi sukan shiga su tsaya a tsakiya ba su san inda za su nufa ba, wasu har sukan ce mini wurin yana da kyau amma kamar akwai abin da ya rage. Nakan ce haka ne.

Mahaifina ya ƙara shekara huɗu a duniya. Na je Alakos sau da yawa a cikinsu, fiye da yadda na saba, kuma kullum "kai" ne, kullum na gidan nan ne. Shekara arba'in da wani abu na yi ina jiran in ji ya ce ni ɗansa ne. Na ji sau ɗaya, da fillanci, minti kaɗan bayan ni na kasa cewa shi babana ne, kuma ba da ni yake magana ba.